Jagorar Fahimtar Chablis: Daga Gonar Inabi Zuwa Teburin Abinci

Duk wanda ya karanci girkin Turawa, ko ya yi zama a Faransa, ko yake bibiyar harkar noman ƙasashen waje, sai ya ci karo da sunan Chablis, wanda ake furtawa "Shabli". Sunan wani ƙaramin gari ne a arewacin yankin Burgundi, kuma sunan farar giyar inabin da ake yi a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Tun da fari ya kamata a faɗi abin da yake a fili: giya ce, tana sa maye, Musulunci ya haramta ta, kuma wannan rubutu ba ya kiran kowa zuwa gare ta. Abin da ya cancanci nazari shi ne sana'ar da ke bayanta. Mutane ne suka samu kansu a ƙasa mai tsakuwa da tsananin sanyi, suka yi ta karantar halinta ƙarni bayan ƙarni, gona-gona, har sunanta ya zagaye duniya. A nan za mu bi aikin daki-daki: ƙasar, noman, matsar inabin, yadda ake karanta kwalbar, da ƙa'idar da Faransawa ke bi wajen zaɓen abincin da ya dace da ita, ƙa'idar da ke da amfani har ga wanda bai taɓa kusantar giya ba.

Wurin da irin ƙasarsa

Chablis na cikin gundumar Yonne, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da birnin Faris, kusa da birnin Auxerre. Wani ƙaramin kogi mai suna Serein ne ya ratsa garin, gonakin inabi kuma sun bi gangaren tuddan da ke gefensa biyu. Faɗinsu gaba ɗaya ya haura hekta 5,500, a cikin garuruwa da ƙauyuka 20. Irin inabi ɗaya tak doka ta yarda a shuka domin wannan suna, wato Chardonnay. Babu baƙin inabi, babu gauraye.

Sirrin wurin yana ƙarƙashin ƙafa. Shekaru kusan miliyan 150 da suka wuce, wani teku marar zurfi ne ya rufe yankin. Da ruwan ya janye sai ya bar ƙasa mai haɗe da yumɓu da dutsen farar ƙasa, wadda masana ke kira Kimmeridgian. Idan ka sunkuya tsakanin layukan kuringar inabi ka ɗauki ɗan dutse fari-fari ka duba, za ka ga ƙananan ɓawo masu lanƙwasa manne a jikinsa, girman kowanne kamar farcen yatsa. Ɓawon wata ƙaramar kawar teku ce mai suna Exogyra virgula, ta daskare ta zama dutse. Yumɓun yana riƙe danshi don lokacin fari, dutsen kuma yana barin ruwan da ya yi yawa ya zurare. Ƙasar ba ta da ƙarfi sosai, saboda haka kuringa ba ta yin ganye barkatai, takan mayar da hankali ga 'ya'ya.

Abu na biyu shi ne sanyi. Chablis ya fi sauran manyan gonakin Burgundi kusa da arewa. Inabi yana nuna a hankali, ba ya tara sukari da yawa, kuma yana riƙe tsaminsa. Shi ya sa Chardonnay ɗin nan ya sha bamban da wanda ake nomawa a wurare masu zafi kamar wasu sassan Kalifoniya ko Ostareliya. Na can yakan yi nauyi da ƙamshin 'ya'yan itace nunannu. Na Chablis ba shi da zaƙi, yana da kaifin tsami, masu ɗanɗano kuma suna kwatanta ƙamshinsa da ɗanyen tuffa, lemon tsami da jiƙaƙƙen dutse.

Tarihi a taƙaice

A shekarar 867 sarki Charles mai sanƙo ya ba malaman coci na Saint-Martin da ke Tours wurin zama a Chablis, lokacin da suke gudun hare-haren Bikin, mayaƙan ruwa na arewacin Turai. Daga baya sufayen gidan ibada na Pontigny, wanda aka kafa a 1114, suka bunƙasa gonakin. Kusancin kogin Yonne ya sa ana loda ganguna a jiragen ruwa zuwa Faris, kasuwa ta buɗe. Sai ƙarni na 19 ya zo da masifu biyu. Jirgin ƙasa ya fara kawo giya mai araha daga kudancin Faransa, sannan wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya hallaka kuringogi a ƙarshen ƙarnin. Zuwa shekarun 1950 abin da ya rage bai wuce hekta 500 da 'yan kai ba, sanyin 1957 kuma ya kusa shafe amfanin shekarar baki ɗaya. Abubuwa uku suka farfaɗo da yankin: haɗin kan manoma, musamman ƙungiyar La Chablisienne da aka kafa a 1923; dokar kare suna ta 1938; da dabarun yaƙi da sanyi da suka yaɗu daga shekarun 1960. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma mutanen nan dutse suka dafa.

Yadda ake karanta kwalba

Doka ta kasa Chablis mataki huɗu, kuma wurin da gona take ne ke yanke matakin, ba sunan mai ita ba.

Na farko Petit Chablis. Gonakinsa galibi suna saman tuddai, inda iska ke kaɗawa, a kan wani dutse mai tauri wanda bai kai Kimmeridgian tsufa ba. Shi ne mafi sauƙi da araha, ba a daɗe ana ajiye shi.

Na biyu Chablis zalla, ba ƙarin komai. Shi ne mafi yawa, ya kai kusan kashi biyu bisa uku na abin da yankin ke fitarwa.

Na uku Chablis Premier Cru. Gonaki ne 40 masu suna, a gangaren da ke samun rana sosai. Daga cikinsu akwai Montée de Tonnerre, Fourchaume da Mont de Milieu a hannun dama na kogi, sai Vaillons, Montmains da Côte de Léchet a hannun hagu.

Na huɗu Chablis Grand Cru. Tudu ɗaya ne kacal, yana kallon garin daga tsallaken kogi, yana fuskantar kudu maso yamma, faɗinsa kimanin hekta 100. An raba shi gida bakwai: Blanchot, Bougros, Les Clos, Grenouilles, Preuses, Valmur da Vaudésir. Les Clos ne mafi girma.

A jikin kwalba abubuwa huɗu ake dubawa: matakin, sunan gonar idan akwai, shekarar girbi, da sunan wanda ya yi. Shekarar tana da muhimmanci domin yanayin Chablis ba ya maimaita kansa. Wata shekarar rana ta wadata, wata kuma sanyi ko ƙanƙara ta cinye rabin amfanin. A kuma lura cewa an daɗe ana manna sunan Chablis a kan farar giya mai araha a Amurka, wadda ba ta da alaƙa da garin. Yarjejeniyar 2006 tsakanin Amurka da Tarayyar Turai ta hana sababbin kamfanoni yin haka. Ta gaskiya sai an ga an rubuta cewa daga Faransa ta fito, tare da shaidar sunan asali mai kariya.

Aikin gona, wata bayan wata

Kuringar Chablis 'yar aure ce. Tun bayan annobar filoksera, ana ɗaukar reshen Chardonnay a aura shi a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ana zaɓen saiwar da ke jure farar ƙasa, domin wadda ba ta jurewa ganyenta kan koma rawaya saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe. Ana dasa dubban kuringogi a hekta ɗaya, a layi-layi, a kan wayoyi da aka ɗaure a turaku. Sai ta shekara uku kafin ta ba da amfanin da za a ƙirga.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuringa tana barci, ba ganye ko ɗaya. Lokacin datsa ke nan, kuma shi ne aikin da ya fi kowanne buƙatar ido. Inabi yana fitowa ne a kan tohon da ya tsiro daga reshen bara. Don haka mai datsa yakan tsaya gaban kowace kuringa, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu lafiya daga na bara, ya bar musu idanu ƙidayayyu, ya bar wani ɗan guntu mai ido biyu domin reshen baɗi, sauran duka ya yanke. Daga nan a lanƙwaso reshen a kwantar da shi a kan wayar ƙasa a ɗaure. Sunan wannan tsari Guyot. Idan aka bar idanu da yawa, inabin zai yi yawa amma ya yi salam. Idan aka rage fiye da kima, kuringa za ta zuba ƙarfinta a ganye. A ranakun nan za ka ga ma'aikata sanye da manyan riguna suna tura baro da aka yi da rabin ganga, wuta na ci a ciki, suna jefa rassan da suka yanke, hayaƙi na tashi a tsakanin layuka.

A Afrilu toho ke fashewa. A Mayu ana cire tohon da bai da amfani da hannu, a ɗaga sababbin rassa a cusa su tsakanin wayoyi don iska ta ratsa. A Yuni kuringa ke fure, kuma manomi ba ya son ruwa ko sanyi a wannan mako, don furen da bai kama ba zubewa yake yi. Daga fure zuwa girbi kwana ɗari ne, ko kusa da haka.

Tsakanin Mayu da Agusta babban abokin gaba shi ne fumfuna iri biyu. Ɗaya tana bin danshi, ana kare ta da feshin sinadarin jan ƙarfe. Ɗayar tana yi wa ganye da 'ya'ya farin gari, ana kare ta da farar wuta. Dukansu rigakafi ake yi musu, domin idan cutar ta riga ta shiga nonon inabi magani ba ya dawo da shi. Ana kuma aske saman rassa, a ɗan rage ganyen da ya rufe 'ya'ya ta ɓangaren da ranar safe ke bugawa, a bar na ɓangaren yamma don kada zafin rana ya ƙona su.

A Agusta 'ya'yan ke fara laushi, kore ya juya zuwa ruwan zinariya. Girbi yakan faɗo a Satumba. Ana ɗiban samfuri daga sassa daban-daban na gona, a auna sukari, a auna tsami, a kuma tauna a ji. Wanda ya yi gaggawa zai samu ɗanyen tsami, wanda ya yi jinkiri kuma zai rasa kaifin da ya sa ake neman Chablis. Yawancin gonaki da inji ake girbe su, amma a gangare mai tsayi da gonaki masu daraja da yawa har yanzu hannu ne da almakashi. Doka ta ƙayyade yawan abin da za a samu: ma'aunin asali shi ne lita 6,000 a hekta ga Chablis zalla, lita 5,800 ga Premier Cru, lita 5,400 ga Grand Cru.

Daren sanyi

Babu abin da ke hana manomin Chablis barci kamar daren Afrilu ko farkon Mayu da sama ta yi garau, ba gajimare, ba iska. A irin wannan dare zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa sama, iska mai sanyi ta gangaro daga tudu ta taru a kwari. Ɗanyen toho ba ya jure abin da ya wuce digiri biyu ƙasa da sifili. Gab da asuba ne sanyin ke kai ƙarshe, kuma awa ɗaya ta isa ta mayar da toho baƙi kamar an babbake shi. Tohon da zai sake fitowa a madadinsa ba ya ɗaukar 'ya'ya sosai.

Dabara ta farko wuta ce. Ana jera bokitan ƙarfe cike da kakin kyandir a tsakanin layuka, ɗaruruwa a hekta ɗaya. Idan ma'aunin zafi ya nuna haɗari, sai a fita da tsakar dare a bi su ɗaya bayan ɗaya ana kunnawa. Suna ɗaga zafin iska da digiri biyu ko uku, amma suna da tsada, kuma bokiti ba ya wuce dare ɗaya ko biyu.

Dabara ta biyu ita ce mafi ban mamaki: a yaƙi ƙanƙara da ƙanƙara. Ana kunna bututun feshi kafin sanyi ya kai sifili, ruwa ya yi ta sauka a kan kuringa yana daskarewa. Ruwa idan yana daskarewa yakan saki ɗan zafi, kuma muddin sabon ruwa na zuba yana daskarewa, tohon da ke cikin ƙanƙarar zai tsaya a kan sifili, ba zai yi ƙasa ba. Sharaɗin shi ne kada feshin ya tsaya ko na ɗan lokaci har sai rana ta fito ƙanƙarar ta fara narkewa da kanta. Idan famfo ya mutu da ƙarfe huɗu na asuba, ɓarnar za ta fi ta wanda bai yi komai ba. Saboda yawan ruwan da aikin ke ci ne aka haƙa tafki a ƙauyen Beine. Da gari ya waye za ka ga kowane reshe sanye da rigar ƙanƙara, tsinkayenta na rataye a waya, koren toho kuma yana nan lafiya a ciki.

Wasu suna shimfiɗa wayar lantarki mai ɗumi a jikin layi, wasu suna kafa manyan fankoki masu gauraya iska, wasu kuma suna jinkirta datsa don toho ya makara fitowa. Duk da haka ba kullum ake cin nasara ba. A Afrilun 2021, bayan ɗumin da ya sa toho ya fito da wuri, sanyi ya yi dare da yawa a jere yana bugu, aka yi asara mai yawa a Chablis da sauran Faransa. Ranar 1 ga Mayun 2024 kuma ƙanƙarar sama ta ragargaza gonaki da dama. Ɗumamar yanayi ba ta kawar da haɗarin ba, ta ma ƙara shi, domin toho yana fitowa da wuri alhali daren sanyi bai daina zuwa ba.

Daga matsa zuwa kwalba

Da an kawo inabi ake matse shi, ba a barin ruwan ya daɗe da ɓawo. Injin matsa yana da wata jaka da ake hura wa iska, ta danne 'ya'yan a hankali don kada ƙwallon ya fashe ya saki ɗaci. Ana barin ruwan a tanki mai sanyi dare ɗaya ko yini guda, datti ya kwanta, a tsiyaye na sama. Sai yis ya shiga aiki, ya mayar da sukari barasa, a zafin da bai cika wuce digiri 20 ba. Bayan wannan akwai tsimuwa ta biyu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke juya tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa zuwa tsami mai laushi irin na nono. Daga nan a bar giyar ta kwanta watanni a kan gwiɓar yis, abin da ke ƙara mata jiki.

A nan ne masu sana'ar suka rabu biyu. Wasu, kamar gidan Louis Michel, tankin ƙarfe marar tsatsa kawai suke amfani da shi, don kada ƙamshin itace ya rufe na ƙasa. Wasu, kamar gidajen Raveneau da Dauvissat, suna ajiya a gangunan itacen ok, galibi tsofaffi waɗanda ƙamshinsu ya riga ya lafa. Gangar gargajiya ta Chablis lita 132 take ci, ta sauran Burgundi kuma 228. Duk da bambancin, manufarsu ɗaya ce: kada hannun mai yi ya danne halin gonar.

Ƙa'idar haɗawa da abinci

Faransawa ba sa zaɓen abin sha da ka. Ƙa'idar Chablis a kan tsami take. Wanda ya taɓa matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi ya riga ya san ta: tsami yana yanke maiƙo, yana fito da ɗanɗanon gishiri, yana wanke baki don loma ta gaba ta zo sabuwa. Daga nan ƙa'idoji uku suka fito.

Ta farko, nauyi ya dace da nauyi. Abinci marar nauyi da mataki marar nauyi, abinci mai romo da kirim da mataki mai jiki. Petit Chablis da Chablis zalla ana kawo su da kawa ɗanya, jatan lande, gasasshen kifi, salak da sushi. Kawa ce abokiyar da aka fi sani, domin gishirin teku da ke cikinta yana son tsami. Premier Cru yana tafiya da kifin da aka dafa da bota, kaza, da katantanwar Burgundi da ake gasawa a cikin ɓawonta da bota, tafarnuwa da ganyen faski. Grand Cru kuma sai manyan abinci: babban jatan lande na teku, kaza ko naman maraƙi a miyar kirim da naman kaza irin na daji, wato lemar kwaɗi da ake ci.

Ta biyu, abin da ƙasa ɗaya ta haifa yakan jitu. Cukun yankin, kamar Chaource da Soumaintrain, da cukun madarar akuya, har ma da Comté na tsaunukan Jura, duk suna karɓar tsamin Chablis.

Ta uku, a san abin da ba ya tafiya. Kayan zaƙi suna mayar da ita tsami zalla. Barkono mai yawa yana kashe ƙamshinta, yana ƙara zafin barasa a baki. Jan nama mai nauyi yana danne ta. Abinci mai ruwan kal da yawa kuma yana karo da ita, tsami a kan tsami.

Sanyi ma yana da ƙa'ida. Petit Chablis ana kawo shi a digiri 8 zuwa 9, Chablis da Premier Cru a 10 zuwa 11, Grand Cru a 12 zuwa 14, don sanyi mai yawa yana kulle ƙamshi. Ana ajiye kwalba a kwance, a wuri mai duhu da sanyi marar canzawa. Ƙananan matakan shekara biyu zuwa biyar suke yi, manyan kuma suna iya haura goma.

Abincin da ba a raba shi da Chablis shi ne gougère, wani ɗan burodin cuku mai iska a ciki, kuma babu giya ko kaɗan a haɗinsa. Ana tafasa ruwa mililita 250 da bota giram 100 da ɗan gishiri. A sauke, a zuba fulawa giram 150 gaba ɗaya, a tuƙa da ƙarfi, a mayar kan wuta ana juyawa har ƙullin ya saki jikin tukunya. Idan ya ɗan huce a fasa ƙwai huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya shige kafin a sa na gaba. A zuba gogaggen cuku giram 150, a ɗiba da cokali a jera a faranti, a gasa a zafin digiri 190 na kimanin minti 25. Kada a buɗe murhun gashin kafin su yi ja, in ba haka ba za su lotse.

Ga wanda ba ya sha

Ƙa'idar tsami ba ta dogara da barasa ba. A Faransa tun zamanin da akwai verjus, ruwan ɗanyen inabi da ake matsewa kafin ya nuna, ba a tsima shi. Yana da tsami mai laushi fiye da ruwan kal, ana miya da shi, kuma da shi aka san mustad ɗin Dijon na asali. Cokali biyu ko uku na verjus a kofin ruwa mai gas yana yin aikin wanke baki a gefen kifi ko cuku. Ruwan lemon tsami da aka sirka, ko ruwan ɗanyen tuffa marar sukari, su ma suna yi.

Musulmin da ya je yankin ya kula da abubuwa uku. Duk abincin da aka rubuta masa "à la chablisienne" ko "au chablis" an dafa shi da giya, kuma dahuwa ba ta fitar da barasa duka. Shahararrun abincin garin guda biyu, jambon da andouillette, naman alade ne. Sannan giyar da aka ce an cire mata barasa tana iya ɗauke da ragowar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka a karanta takardar jikin kwalba, a kuma tambayi mai kawo abinci kai tsaye.

Darasin da ya rage

Abin da ya ɗaukaka Chablis ba yawan taki ba ne, ba kuma girman gona ba. Mutanensa sun san wane gangare ne rana ke fara bugawa, wane kwari ne sanyi ke kwana, suka ba kowane yanki suna, suka ƙayyade wa kansu yawan abin da za su girba, suka haɗa kai, suka nemi doka ta kare sunan garinsu. Wannan ilmi bai tsaya ga giya ba. Manoman inabin ci na Kudan a jihar Kaduna, da duk mai noman abin da garinsa ya yi suna a kai, za su iya ɗaukar tsarin: su rubuta halin kowace gona shekara-shekara, su fifita inganci a kan yawa, su kafa ƙungiya mai ƙa'ida, su tsare sunan garinsu daga masu cakuɗa. Mai karatu, idan kana da gona, fara daga nan: ɗauki littafi, ka rubuta abin da kowane ɓangarenta ya ba ka a bana da dalilin da ya sa.